Tambayoyin Masu Karatu: Ciwon Jijiyar Ƙafa da Maganin Gargajiya na Sinawa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun haɗu a kan ciwo guda, wato zafin nan da ke tasowa daga ƙugu, ya ratsa mazaunai, ya gangara ta bayan cinya har zuwa tafin ƙafa. Likitoci suna kiransa sayatika, masu karatun littattafan Larabci kuma sun san shi da irƙun nasa. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekaruna 47. Wata biyar ke nan ina fama da wani zafi mai kama da jan wutar lantarki daga ƙuguna zuwa yatsun ƙafar hagu, wani lokaci kuma minjirya ta kama ƙafar, har ruku'u ya kan gagare ni. Da na je saro kaya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani abokina ya kai ni asibitin maganin gargajiya, aka soka mini allurai sau biyu, na kuwa ji sauƙi, amma bayan na dawo gida da mako guda ciwon ya dawo. Shin wannan magani gaskiya ne, ko dai zuciyata ce kawai ta kwanta? Kuma ya dace in ci gaba da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya ba ka lafiya. Kafin mu taɓo batun allura, ya kamata ka san abin da ke faruwa a bayanka, domin da wannan sanin ne za ka iya auna duk wani magani da za a kawo maka. Jijiyar da ke damunka ita ce mafi tsawo kuma mafi kauri a jikin ɗan Adam, kaurinta a wajen kwatangwalo ya kai na ɗan yatsa. Tana haɗuwa ne daga saiwoyi biyar da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, sannan ta bi ta ƙarƙashin naman mazaunai ta sauka ta bayan cinya, ta rabu biyu a kusa da bayan gwiwa. Tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifan guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke aiki kamar matashi. Idan bangon faifan ya tsage, abin da ke ciki ya bulluƙo ya danne saiwar jijiya, sai wurin ya kumbura, kuma mutum ya ji zafin a ƙafa ko da yake asalin matsalar a baya take. Wannan shi ne sanadin kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo, shi ya sa tari ko atishawa ko sunkuyawa ke tayar da shi. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ko da ba a yi musu tiyata ba, domin jiki da kansa yakan tsotse ɓangaren da ya bulluƙo, amma naka da ya kai wata biyar ya shiga sahun wanda ya daɗe, kuma ya cancanci likitan ƙashi ya duba shi sosai.

Likitocin gargajiya na ƙasar Sin suna kallon al'amarin ta wata fuska dabam. A tsohon littafinsu mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2000 da suka wuce, akwai babi guda a kan abin da suke kira bi, wato toshewa, inda aka ce iska da sanyi da danshi ne ke haɗuwa su shiga jiki su toshe hanyoyin da jini da ƙarfin rai, wanda suke kira ci, ke bi. Yana da kyau in faɗa a nan cewa iskar da suke nufi ba ita ce iskar da Bahaushe ke nufi ba idan ya ce iska ta taɓa wane. Babu batun aljanu a ciki, suna nufin ciwon da ke yawo daga wuri zuwa wuri ne. Wanda ya taso yana jin tsofaffi na cewa sanyi ya shiga ƙashi ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Suna da wata magana da ke taƙaita fahimtarsu, cewa duk inda hanya ta toshe, nan zafi yake. Daga nan sai su rarraba marasa lafiya: wanda ciwonsa ke tsananta da hunturu ko damina, su ce na sanyi da danshi ne, wanda ya ɗaga kaya mai nauyi ya ji kamar an caka masa wuƙa a wuri guda, su ce jini ne ya tsaya, tsohon da gwiwoyinsa suka yi rauni kuma ciwon ya daɗe, su ce ƙarfin ƙoda da hanta ne ya ragu. Ƙoda da hanta a bakinsu sunaye ne na wasu ayyukan jiki a tsarinsu, don haka idan likitan Sin ya ce maka ƙodarka ta yi rauni, kada ka ɗauka ciwon ƙoda irin na asibiti yake nufi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda taswirarsu ta dace da hanyar da ciwon ke bi. Daga cikin layukan da suka zana a jiki, akwai wanda suke kira na mafitsara, wanda ke gangarowa ta gefen gadon baya ya bi bayan cinya zuwa ƙaramin yatsan ƙafa, da kuma na matsarmama, wanda ke bi ta gefen cinya. Waɗannan su ne hanyoyi biyu da masu sayatika ke nunawa da hannu idan an ce su kwatanta ciwonsu. Ina kyautata zaton an soka maka allura a Huantiao, wani gurbi a gefen mazaunai wanda ke daidai saman jijiyar, da Weizhong a tsakiyar lanƙwasar bayan gwiwa, da Yanglingquan a ƙasan gwiwa ta waje, da Kunlun a bayan idon sawu. Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku na milimita ba, ba ta ɗauke da wani ruwan magani, kuma akan bar ta a jiki minti 20 zuwa 30. Wani lokaci sukan haɗa ta da 'yar na'ura mai ba da wutar lantarki kaɗan. Masu binciken zamani ba su ga waɗannan layuka a jiki ba, amma sun nuna cewa sokin allura yana sa ƙwaƙwalwa da laka su saki wasu sinadarai masu kashe zafi, yana kuma sassauta naman da ya ɗaure.

Game da ko gaskiya ne ko kwanciyar zuciya, ga abin da aka gwada. A 2024 mujallar JAMA Internal Medicine ta Amurka ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 6 na ƙasar Sin a kan mutum 216 masu irin ciwonka, wato wanda faifai ya jawo kuma ya wuce wata uku. An raba su gida biyu, aka yi wa kashi ɗaya sokin allura na ainihi sau 10 cikin mako 4, ɗaya kashin kuma aka yi musu na kwaikwayo ba tare da sun sani ba. A ma'aunin zafi mai maki 100, na farko sun samu raguwar kimanin maki 31, na biyu kimanin 15, kuma bambancin bai ɓace ba har bayan shekara guda. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ita kaɗai ce a fagen ba. A Jamus, wani babban bincike da aka buga a 2007 a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya ya gano cewa allurar ainihi da ta kwaikwayo kusan sakamako ɗaya suka bayar, wato waɗanda suka samu sauƙi kashi 47.6 ne da kashi 44.2 cikin 100, ko da yake dukansu sun fi maganin da aka saba bayarwa, wanda ya tsaya a kashi 27.4. Saboda irin wannan ne hukumomi suka rabu: hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce a 2016 kada a riƙa ba da sokin allura don ciwon baya ko sayatika, alhali ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sanya shi a 2017 cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi.

Ra'ayina shi ne sauƙin da ka ji na gaske ne, kuma ga mutum irinka wannan hanya ta cancanci gwaji, musamman idan aka kwatanta da shan ƙwayoyin kashe zafi wata da watanni, waɗanda ke cin ciki suna taɓa ƙoda. Amma ka riƙe abu biyu. Na farko, allura ba ta mayar da faifan da ya bulluƙo, zafi take ragewa domin ka samu damar motsa jiki yayin da bayan ke warkewa. Na biyu, zama biyu ba su kai a yanke hukunci ba. Idan za ka gwada, ka yi cikakken zagaye na zama 8 zuwa 10, in ba ka ga canji ba ka dakata, kada ka bari wani ya ja ka wata shida yana karɓar kuɗinka. Ka fara zuwa wurin likitan ƙashi, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan kusa da kai, a gwada ƙarfin ƙafar a kuma duba ko akwai buƙatar hoton MRI, wanda ke nuna faifai da jijiyoyi, sannan ka nemi a haɗa ka da sashen gashi, inda za a koya maka motsa jikin da ya dace da bayanka. Duk wanda zai soka maka allura a nan gida, ka nemi ganin takardar shaidarsa da rajistarsa, ka kuma tabbatar a gabanka ya ɓare sababbin allurai daga leda, domin allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Batun ruku'u kuwa, malamai sun yi bayani cewa wanda tsayuwa ko sunkuyawa ke cutar da shi yana da sauƙin yin salla a zaune, don haka kada ka matsa wa bayanka. A jirgi ma ka nemi kujerar bakin hanya, ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa, kuma ka bar wa yara ɗaukar dila.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Zariya. Mahaifiyata mai shekara 68 tana fama da ciwon baya da ƙafafu, ba ta iya doguwar tafiya sai ta zauna ta huta. Wata maƙwabciya ta kawo mata wasu baƙaƙen ƙwayoyi a kwalba mai rubutun Sinanci, ta ce zallan ganye ne. Cikin kwana biyu ciwon ya ɗauke, amma yanzu wata uku tana sha, fuskarta ta yi fam, sugarta kuma ta hau. Me kuke gani?

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri kan kula da Hajiya, kuma ina roƙon ki kai ta asibiti a cikin makon nan tare da kwalbar. Alamomin da kika lissafa, wato ɗaukewar ciwo cikin kwana biyu, da cikar fuska, da hawan suga, sun yi kama ƙwarai da na wanda ya daɗe yana shan sinadarin sitiroyid irin su dexamethasone ko prednisolone. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake sayarwa da sunan ganye, a gwada su a tarar an cusa musu sitiroyid ko diclofenac a ɓoye. Abu mafi muhimmanci shi ne kada ki ƙwace kwalbar ki hana ta sha gaba ɗaya a rana guda, domin jikin da ya saba da sitiroyid na wata uku yakan rage yin nasa, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwar hawan jini da suma. Likita ne zai tsara yadda za a rage shi sannu a hankali, ya kuma duba ƙodarta da cikinta da ƙarfin ƙashinta.

Wannan ba ya nufin Sinawa ba su da haɗin ganye na gaske don irin wannan ciwo. Mafi shahara shi ne Duhuo Jisheng Tang, wanda likita Sun Simiao na zamanin daular Tang ya rubuta a wajajen shekara ta 652, kuma har yau ana ba da shi ga tsofaffi masu ciwon ƙugu da gwiwa. Yana da kayan haɗi 15, ciki har da saiwar duhuo, da wani nau'in kauci da ke fitowa a kan bishiya kamar namu, da ɓawon itacen duzhong, da kirfa, da ginsen, da niuxi wanda dangin ƙaimin ƙadangare ne. Akwai kuma Shentong Zhuyu Tang na likita Wang Qingren, daga littafinsa na 1830, wanda ake ba wa wanda suka ce jininsa ya tsaya. Abin lura shi ne a can ƙasarsu ba a sayen waɗannan a tire ko a bakin tasha. Likitan da ya yi shekara biyar a jami'a shi ke duba harshe da bugun jini, ya ƙara wani abu ya rage wani gwargwadon mutum, ya kuma sake duba shi bayan mako ɗaya ko biyu. Duk da haka, binciken da aka yi a kan ganyayen bai kai ingancin wanda aka yi a kan allura ba, shi ya sa nake fi taka-tsantsan da su.

Kalmar zallan ganye ita ce ta fi yaudarar mutanenmu. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata fiye da 100 sun samu lalacewar ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka yi kuskuren sanya masa saiwar wani tsiro na dangin Aristolochia a maimakon wani mai kama da shi a suna. Da yawa sun ƙare a wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Duman dutse da masu magani ke sayarwa a kasuwanninmu ɗan wannan dangi ne, don haka gargaɗin ya shafe mu kai tsaye. Haka kuma saiwoyin fuzi da chuanwu da caowu, waɗanda Sinawa ke amfani da su don ciwon sanyi, suna ɗauke da dafin da ke rikita bugun zuciya idan ba a sarrafa su aka dafa su yadda ya kamata ba. Saiwar gancao mai zaƙi, wadda ke cikin haɗe-haɗe da yawa, tana ɗaga hawan jini idan an daɗe ana sha, danggui da danshen kuma suna ƙara ƙarfin maganin tsinka jini irin warfarin har mutum ya yi ta zubar jini. Lambar NAFDAC a jikin kwalba abu ne da ya kamata a duba, amma a tuna cewa ga maganin ganye lambar ba shaida ba ce cewa an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa.

Ciwon Hajiya na asali ma yana bukatar a sake duba shi. Tsohuwar da ƙafafunta ke ciwo idan ta yi tafiya, su lafa idan ta zauna ko ta duƙa, sau da yawa ƙuntatar ramin da jijiyoyi ke bi a cikin ƙashin baya ne ke damunta, wanda tsufa ke kawowa, wani lokaci kuma ƙarancin jinin da ke isa ƙafa ne, musamman ga mai suga. Kowanne da maganinsa, kuma sai an gwada za a bambance.

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, ina jigila tsakanin Maraɗi da Kwatano. Idan ciwon ƙafar dama ya taso mini nakan je wurin wanzami ya yi mini ƙaho a ƙugu. Na ga a waya Sinawa ma suna yin ƙaho da kofunan gilashi. Wanne ya fi, nasu ko namu?

Amsa: Malam direba, Allah Ya tsare hanya. Asalin dabarar ɗaya ce, wato a zuƙe iska fata ta taso, kuma su ma Sinawa da ƙahon dabba suka fara kafin su koma gora da gilashi. Bambancin shi ne yawancin ƙahonsu busasshe ne, ana ɗumama iskar cikin kofi da wuta a kifa shi a fata minti 5 zuwa 15 ba tare da tsaga ba, ko da yake suna da mai fitar da jini shi ma. Jijiyar da ke damunka tana can ƙarƙashin nama mai kauri, faifan kuma yana cikin ƙashin baya, saboda haka babu ƙahon da ke kai wa gare su, kuma baƙin jinin da kake gani ba shi ne ciwon ba. Abin da ƙaho ke yi shi ne sassauta naman ƙugu da ya ɗaure, wanda ke iya ba ka sauƙi na 'yan kwanaki. Ban ga dalilin fifita nasu a kan namu ba sai ta fuskar tsabta: busasshen ba ya buɗe fata, mai tsaga kuwa dole ne a yi shi da sabuwar reza da kofin da ba a sa wa wani ba. Mai ciwon suga ko mai shan maganin tsinka jini ya nisanci tsaga.

Sinawa suna da wasu hanyoyi biyu da suka fi kusa da buƙatarka. Ɗaya ita ce ɗumama gurbin ciwo da sandar busasshen ganyen ai, ɗan uwan tazargade, wadda ake kunnawa a riƙe kusa da fata. Ba lalas ba ne, ba a son ta ƙona, kuma bai kamata a yi ta a wurin da fata ta mutu ba ta jin zafi ba. Ɗayar ita ce tausar da suke kira tuina, wadda ke da amfani idan a hankali aka yi ta, amma kada ka yarda kowa ya murɗa maka baya da ƙarfi ko ya taka shi da ƙafa alhali ciwon na sauka ƙafa. Maganinka na gaskiya yana cikin motar: ka cire walat daga aljihun baya, ka sa ɗan matashi ko naɗaɗɗen tawul a bayan ƙugu, ka matso da kujera yadda ba sai ka miƙe ƙafa sosai ba kafin ka taka, kuma duk awa biyu ka tsaya ka zagaya motar na minti biyar. Ina kuma roƙonka ka guji tramadol, wanda na san yana yawo a tashoshi, domin yana kama mutum, yana kuma sa gyangyaɗi a kan sitiyari.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai, kuma zafi na sauka daga mazaunaina zuwa cinya. Zan iya zuwa a yi mini allurar Sinawa ko in sha shayinsu?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sauke ki lafiya. Shayin da duk wani haɗin ganye ki bar su gaba ɗaya, domin haɗe-haɗen da ake bayarwa don wannan ciwo sukan ƙunshi abubuwan da Sinawa ke kira masu motsa jini, irin su honghua da taoren, waɗanda littattafansu da kansu suka hana mai ciki. Sokin allura a hannun ƙwararre ba a san shi da cutar da ciki ba, amma su ma suna kauce wa wasu gurabe ga mai juna biyu, kamar Hegu a hannu, da Sanyinjiao a saman idon sawu, da Kunlun, da kuma ƙasan mara da ƙugu, saboda haka sai da sanin likitar da ke duba ki a awo, kuma ki faɗa wa mai allurar watannin cikinki tun kafin ya fara. Sau da yawa irin wannan zafi a ƙarshen ciki daga sassautawar gaɓoɓin kwatangwalo yake, kuma yakan tafi bayan haihuwa. Ki riƙa kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ki gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ki rage tsayuwa mai tsawo da ɗaukar bokiti. Kada ki sha ibuprofen ko diclofenac a wannan watanni, domin suna iya taɓa ƙodar jariri da jijiyoyin zuciyarsa.

Tambaya: Yayana mai shekara 39 ya yi wata biyu yana ciwon baya da ƙafa. Kwana uku ke nan ciwon ya koma ƙafafu biyu, yana jan ƙafar dama silifa na zamewa, fitsari kuma ba ya fita sosai, ya ce ba ya jin tsakanin cinyoyinsa idan yana tsarki. Mun ji labarin wani mai allurar Sinawa a wani gari, muna tara kuɗin mota. Ko za ku ba mu shawara?

Amsa: Ɗan'uwa, mun riga mun aika maka da wannan amsa kai tsaye a ranar da saƙonka ya iso, muna buga ta ne a nan domin sauran masu karatu. Kada ku je wurin mai allura, kada ku je wurin maɗori ko mai tausa. Ku kai yayanka sashen gaggawa na asibitin koyarwa ko babban asibitin tarayya mafi kusa da ku yau ɗin nan. A ƙasan gadon baya akwai tarin jijiyoyi da likitoci ke kwatantawa da wutsiyar doki, su ne ke riƙe da fitsari da bayan gida da ƙarfin namiji da motsin ƙafafu. Ciwo a ƙafafu biyu, da mutuwar fata tsakanin cinyoyi, da riƙewar fitsari, alamu ne cewa wani abu ya danne su gaba ɗaya, kuma idan ba a yi tiyata an ɗage abin cikin kwana ɗaya ko biyu ba, lahanin na iya zama na dindindin. Ko a manyan asibitocin gargajiya na Beijing da Guangzhou, mai irin waɗannan alamu wurin likitan tiyata ake tura shi.

Idan kun isa, ku fara da faɗin batun fitsarin da mutuwar fatar kafin komai, kada kunya ta sa ya ɓoye, domin su ne za su sa a gaggauta ɗaukar hoton MRI. Ku kuma gaya wa likita idan yana zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko ya taɓa yin dogon tari, saboda tarin fuka na kama ƙashin baya kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Kuɗin motar da kuka tara ku riƙe shi don hoton, ku ɗauki duk magungunan da ya sha a leda guda ku tafi da su, kuma a kwantar da shi a kujerar baya maimakon a ɗora shi a babur. Allah Ya ba shi lafiya.